Jan Fenti a Bangon Zaure

Ranar da Suwaiba ta fara ganin Bilyamin, gwangwanin jan fenti ne a hannunsa, ya gama shafa alamar rusau a bangon zaurensu na unguwar Hausari. Zauren ƙasa ne, ginin kakan babanta, a nan ake ɗaura auren duk 'yan gidan.

"Malam, me muka yi maka?"

"Aiko ni aka yi, ƙanwata. Shaguna za a jera, duk ginin da ya tsage zai tafi."

Ta watsa masa harara. Bawan Allah ya tafi da hararar gida, ta hana shi sakat. Bayan wata biyu sai da ta kai kullum suna waya.

Da magabatansa suka zo, mahaifinta Baba Lawan ya ce, "Mai jan fentin? Kada in sake ganin ƙafarsa."

Ga shi ranar Alhamis masu duba gini za su zo yanke hukunci. Suwaiba ta rame, ko jin ƙarar babbar mota ta yi sai gabanta ya faɗi. Ta tura wa Bilyamin saƙo:

"Masoyi, in zauren nan ya faɗi, Baba ba zai taɓa ba ka ni ba. Wallahi tsoro nake ji."

Ya amsa: "Daina kuka, Suby tawa. Ina nan tafe."

Ranar Litinin sai ga shi da buhunan siminti cike da Keke Napep, yana ta washe baki. Baba ya dafe kai.

"Siminti a jikin ginin ƙasa? Ruwa zai riƙe, bango ya ruɓe ta ciki! Ƙarasa shi ka zo yi?"

Suwaiba na bayan ƙofa tana saurare.

"To koya mini, Baba," in ji Bilyamin.

Tsohon ya ƙare masa kallo. "Cire takalminka."

Kwana uku ɗan boko yana tattaka jar ƙasa da ciyawa, yana yaɓe da hannu, har dugadugansa suka tsattsage. Ranar Alhamis masu dubawa suka zagaya, suka ƙwanƙwasa bango, suka daɗe suna ƙusƙus. Daga ƙarshe suka cire zauren daga jerin rusau.

A cikinsa aka ɗaura auren bayan Sallah. Baba ya sa albarka, sannan ya nuna wa baƙi inda jan fentin yake a da. Shatin yatsun ango ne a wurin.

Allah ya ba da zaman lafiya.