Rijiyar da Aka Cire Daga Jeri

Magariba ta kawo kai, maigidan yana alwala a tsakar gida, matarsa tana ɗaki gaban kwamfuta kamar kullum, sai ga dutse ya faɗo kan rufin kwano. Suka ɗauka yaran maƙwabta ne. Wani ya sake faɗowa gaban buta. Da maigidan ya ɗauka, sai ya ji shi jiƙe sharkaf, sanyi ƙalau, da gansakuka a jikinsa, alhali an daɗe rabon da a ga hadari.

Matar tana aiki a hukumar ruwa, ita ke rubuta musu manhaja. Kwanakin baya aka ba ta jerin tsofaffin rijiyoyin gari, aka ce ta tace. Ta rubuta 'yan layukan umarni: kwamfuta ta bi jerin, duk rijiyar da aka daina ɗiban ruwa a cikinta, ta cire ta. Waɗanda suka saura aka gyara su. Waɗanda aka cire aka tura motoci suka cike su da ƙasa. Ita ko duba waɗanda suka fita ba ta yi ba. Ta ga aiki ya tafi daidai, ta rufe.

Jifa bai tsaya ba. Kullum rana ta faɗi sai duwatsu su fara sauka, ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. Sai kaya suka fara ɓacewa. Babbar tukunyar da ba a ɗorawa sai an yi baƙi. Takalman da maigidan ya daina sawa. Keken ɗinkin da ya yi ƙura a lungu. Abin da ake taɓawa kullum yana nan, wanda aka yi watsi da shi ne ke tafiya.

'Yarsu ɗaya ce, ita ce fari ita ce auta, don haka Auta suke ce mata. Wata rana da yamma ta yi, uban ya same ta zaune a ƙofar ɗakin uwarta, ruwa na ɗiga daga gashinta, jikinta kamar ƙanƙara.

"Auta, wa ya jiƙa ki?"

Ta ɗago kai. Idanun ba nata ba ne.

Bai tsaya sa takalmi ba, ya je ya taho da wani tsohon malami da ya san aikin. Malam ya zauna a tabarma, ya daɗe yana karatu a hankali. Can sai yarinyar ta buɗe baki, muryar babbar mace ta fito, mai amo kamar daga ƙasan rami.

"Bar ƙona ni, malam. Ba da kai nake ba."

"Wace ce ke? Me yarinya ta yi miki?"

"Tambayi uwarta. Ina zaune a rijiyata tun kafin a haifi kakanninta. Na fita neman abinci, na bar ɗana yana barci a ƙasa. Na dawo na tarar da fili, an daddaɓe."

Uwar ta dafe bango. "Wallahi ban sani ba. Jeri kawai aka ba ni."

"Kin duba? Kin je kin leƙa ko ɗaya?" Yarinyar ta yi wata dariya marar daɗi. "To, na koyi aikinki. Duk abin da aka daina kula shi, a cire. Na bi gidanki kaya bayan kaya, yau na iso kan wannan. Yaushe rabon ki rungume ta? Kullum tana bakin ƙofarki, ke kina kallon gilashi."

Uwar ta durƙushe a gaban yarinyar.

"Zalunci aka yi miki, ban musa ba," in ji malam. "Amma rai ba naki ba ne, yarinya kuma ba ta san rijiyarki ba. Faɗi abin da za a iya, ko in ci gaba da karatu har ki ƙone."

Muryar ta sake fitowa daga bakin yarinyar.

"A tone min rijiyata in ɗauki ɗana. Uwar ce za ta fara tonon. Hannun da ya rubuta kuma nawa ne."

Malam ya ɗaga hannu zai hana, uwar ta riga shi. "Na yarda, Malam. Ta sakar min 'yata."

Auta ta yi atishawa mai ƙarfi, ta sulale a jikin ubanta. Da ta farka, sai ta ce sanyi take ji.

Washegari suka je filin da masu haƙa. Uwar ta fara saran ƙasa har tafinta ya fashe, sannan maza suka karɓa. Rana na gab da faɗuwa ƙasar ta fara danshi. Wata iska mai sanyi ta taso daga ramin, kowa ya ji kukan mace ya ratsa tsakaninsu, ya yi nisa, ya ɓace. A nan hannun daman uwar ya saki, ya faɗi gefenta kamar tsumma.

Asibiti sun duba, ba su ga komai ba. Hannun bai sake motsi ba. Har yau Auta ce ke ɗaura mata ɗankwali da safe.