Murya a Cikin Bututu

Da hantsin wata Laraba a tsakiyar damina, kifin Tafkin Mani ya taso saman ruwa, ciki sama. Tarwaɗa da karfasa, manya da ƙanana, sun yi fari fat tun daga mashaya har gindin giginya. Agwagin gari, da suka saba sauka ruwa tun kafin rana ta fito, sun ci mushen sun ƙoshi, su ma suka bi sahu. A bakin gaɓa kuwa, daidai inda ƙaton bututun gwamnati ya tsaya ba a ƙarasa shi ba, wani ruwa fari kamar tsala yana ɗiga.

Garin da kansa sunan tafkin ya ci, yana nan tsakanin Faskari da Sabuwa. A shekarun nan kuɗin fetur sun shigo, kowane ƙauye ana yi masa wani aiki. Su nasu rabon bututu ne. Duba-gari ya ce shaddojin gidaje, wato ramukan masai, suna tsiyaya cikin ruwan da ake sha, saboda haka za a cike su, a ba kowane gida bututu ya kwashe ƙazanta, ya zagaye tafkin, ya kai ta wani babban rami da za a haƙa a fadama. An binne bututun gida gida, amma ba a haɗa ko ɗaya da masai ba tukuna. Bakinsa na nan a bayan kowane gida, an kife shi da tsohon kwano. Ɗan kwangila ya tafi Kaduna, ya bar aikin a hannun Almu, shugaban leburori.

Suwaibatu matar Almu ba ta ga ko kifi ɗaya ba. Tana kulle, ga shi kuma tana jego. Ita dai ta ji ihu yana matsowa, sai ga mijinta ya faɗo gida ba hula, jini yana bin gefen kunnensa. A bayansa Saje Ɗanhausa ya banko ƙyauren zaure ya sa sakata.

Dutse na farko ya sauka a kan kwanon ɗaki. Jaririyar ta farka da kuka.

"A ba mu shi! Ya sako mana guba!" jama'a ke ihu daga waje.

Saje shi kaɗai ne ɗan sanda a garin, kuma rafi ya cinye hanyar Funtuwa, ko akori-kura ba ta iya ƙetarewa. Maigari ya roƙi arziki, da ƙyar jama'a suka ce sun ba hukuma zuwa la'asar. Amma ba su watse ba. Suka zauna ƙofar gida da bayan katanga. Ba fita, ba shiga.

Saje ya mai da zauren ofishinsa. Suwaibatu ta goya 'yarta, ta raɓe bayan asabarin da ya raba zaure da cikin gida. Ta san bai kamata ba. Ta kasa matsawa.

"Ka gwada bututun nan da wani magani?" Saje ya tambayi Almu.

"Ko ruwa ban zuba ba, ranka ya daɗe. Ni na hana kowa zuba komi sai an ƙare."

"Daga ina layin ya taso?"

"Daga nan gidana. Ya gangara gidan Alhaji Lawwali, ya bi gidan su Indo, ya sauka bakin ruwa."

"Daga gidanka ya taso, ka ce?"

Suwaibatu ta ji ƙarar alƙalami.

Saje ya shinshina ruwan da ya ɗebo a kwalba daga bakin bututun can gaɓa. Maganin feshin auduga ne. Wannan bai rage masa aiki ba, domin a ƙasar auduga babu gidan da ba shi da galan guda a ƙarƙashin rumbu. Sai ya leƙa ta taga ya sa aka kira masa Ɗanliti, mai haƙar shadda.

"Aikin nan ya kashe maka sana'a."

"Ya kashe ta har lahira, Saje. Ni da bututu ko a hanyar Makka ba mu gaisawa."

"To ka rama ke nan."

"Da jakina? Je ka mashaya ka gan shi, ƙafa huɗu sama. Ni na kai shi da hannuna da sassafe. In na san abin da ke cikin ruwan, ai surukina zan kai."

Saje bai yi dariya ba, amma ya sallame shi.

Na biyu Audi ne, Bamagujen da ke da koma da kwalekwale, wanda wasu suka fara raɗa sunansa, wai ya yi don ya kwashi kifi a banza.

"Kifin da ya sha wannan abu wa zai saya?" in ji Audi. "Ruwan nan kakana ke yi mashi yanka tun ba a kafa masallacin ga ba. Kuma jiya Mabai na kwana wurin biki. Da makaɗa muka dawo, suna nan waje, tambaye su."

Aka tambaye su. Haka ne.

Wajen azahar aka yi sallama a hankali. Alhaji Lawwali ne, maƙwabcinsu na katanga ɗaya, dattijo mai garkar mangwaro a fadama. Ya jajanta, ya duba raunin Almu, ya ce Allah Ya kyauta.

"Saje, in za ka ji ta tawa, a fita a ce ma mutane an fasa aikin. A tone bututun ga a mai da ma gwamnati kayanta. Sai su huce, yaron nan ya samu kanshi."

"In na faɗi haka, Alhaji, na ce shi ya yi ke nan."

"To, ni dai zaman lafiya nike so."

Ya fita. Wani dutse ya sake sauka. Suwaibatu ta dubi inuwar katanga, ta ga ta fara miƙewa gabas. Ta dubi tukunyar ruwan wankanta, babu ko ɗigo, domin 'yan garuwa ba su zo ba, kuma ba za su zo ba. Katangar nan da ta saba da ita tun ranar da aka kawo ta, yau sai ta ga kamar tana matsowa.

Akwai wani abu da maza ba su sani ba, har Almu da ya binne bututun. Tun makon da aka sa shi, matan layin suka gane yana kai magana. In ka ɗaga kwano ka ƙwanƙwasa da ludayi, ta gidan gaba za ta ji. Ta nan suke aron gishiri, ta nan suke gulma, ta nan Hajiya Talatu matar Alhaji Lawwali ta ji nishin Suwaibatu ranar naƙuda, ta yafa mayafi ta zo ta riƙe ta har ta sauka.

Suwaibatu ta zagaya bayan ɗaki, ta durƙusa, ta ɗaga kwanon. Ta ƙwanƙwasa.

Muryar Indo ta taso daga can ƙasa, a shaƙe. "Maijego? Kina da rai?"

"Da saura, Yaya Indo."

"Ni agwagina sun ƙare. Har mai ƙwai. Ke, tsakaninki da Allah, mi kuka zuba da asuba? Ina alwala na ji ruwa na gudu ƙarƙashina kamar kwata."

"Wallahi ba mu ba ne."

"To daga sama dai ya zo. Ruwa ba ya hawa tudu."

Sai wata murya ta shigo, kusa, mai taushi. "Ku bar wannan zance, ɗiyan nan. Suwaiba, kin yi wanka yau?"

"Babu ruwa, Hajiya."

"Subhanallahi! Maijego ba wanka? Bari in sa a miƙo maki ta katanga. Mu Allah Ya taimake mu, jiya Alhaji ya sa 'yan garuwa suka cika mana randuna kaf, har da duro."

Suwaibatu ta buɗe baki za ta yi godiya. Sai ta ji wani abu a bayan muryar Hajiya, yana biyo bututun. Kwak, kwak, kwak. Ba ɗaya ba, ba biyu ba. Kuka ne na dabbar da aka tsare tana son fita.

Ta matso da bakinta kusa da bututun.

"Hajiya, naku agwagin sun tsira ashe."

"Suna akurki tun jiya da magariba. Alhaji ya ce kar wanda ya buɗe su, wai tunku ya shigo unguwa. Sun ishe ni da kuka, kin ji su."

"Na ji su, Hajiya."

Ta mai da kwanon a hankali. Ta daɗe a durƙushe, 'yarta tana motsi a bayanta. Wannan 'yar, hannun Hajiya ne ya fara ɗaukarta. Da matar ta yi rowar ruwanta, da babu wanda zai taɓa sani. Can waje wani ya ɗaga murya yana cewa a kawo kananzir.

Ta tashi ta je ta kamo hannun surukarta, Inna Mero, ta jawo ta bakin asabari. Matar aure ba ta zance da baƙon namiji, don haka ta dubi tsohuwar, ta ɗaga murya yadda zaure zai ji.

"Inna, ki ce ma Saje, a garin nan akwai gidan da agwaginshi ba su sauka ruwa yau ba."

Sa'an nan Saje ya yi gyaran murya.

"Inna, ki tambaye ta wane gida."

"Inna, ki ce mashi gidan da aka cika randuna jiya, ana tsakiyar damina, ba biki ba suna."

"Inna, ki ce mata wannan zato ne. Mutanen waje ba za su sha zato ba."

"Inna, ki ce a ɗaura tsumma a gora, a zura a bututun kowane gida har ƙasa. Namu ne na sama."

Inna Mero ta dubi hagu ta dubi dama. "Ni kam kun mai da ni bututu," ta ce.

Saje bai ɓata lokaci ba. Shi ba ya shiga gidan matan aure, kuma shaidar uwa a kan ɗanta ba ta isa ba. Sai ya nemi Maigari ya turo wata tsohuwa daga gidansa, ta bi gidajen uku da gora da farin ƙyalle, a fara daga na Almu. Suwaibatu da kanta ta ɗaga mata kwanon.

Ana kiran la'asar Saje ya zare sakata. Suwaibatu ta manna kunne a katanga.

"Ga ƙyalle uku," ta ji ya ce. "Na gidan Almu: ƙura da yanar gizo. Maigari, shinshina. Na gidan su Indo: jiƙe, yana wari. Na gidan tsakiya: har yanzu maganin na naso. Abin da aka zuba ya shiga ne a ƙasa da gidan Almu, a sama da gidan Indo. Gida nawa ne a tsakani?"

Bai jira amsa ba.

"To wani abu kuma. Duk mai agwagwa mai rai a garin nan ya ɗaga hannu."

Shiru ya sauka, irin wanda ba a yi ba tun safe. A cikin shirun nan, daga bayan katangar Alhaji Lawwali, agwagi suka amsa da kansu.

"Ɗanliti ya kai jakinshi ya sha," Saje ya ci gaba, "don bai sani ba. Almu ya bar matarshi tana jego ba ko kofin ruwa, don bai sani ba. Mutum ɗaya ne ya tanadi ruwa, ya kulle dabbobinshi tun jiya. Ya iya cutar gari, amma ya kasa cutar gidanshi. Alhaji, ramin ƙazantar nan, a ina aka auna za a haƙa shi?"

Da muryar Alhaji Lawwali ta fito, da ƙyar Suwaibatu ta gane ta.

"A garkata. Mangwaron nan ubana ya dasa su da hannunshi. Na je Faskari, na je Funtuwa, kowa ya ce an riga an zana. Kashin gari duka, a kan itacen ubana." Ya ja numfashi. "Na ce in kifi kaɗan ya mutu za a tsani bututun a fasa. Ban nufi yaron nan ba. Wallahi ban nufe shi ba."

"Amma tun safe kana ji ana jifar gidanshi," in ji Saje. "Mu je."

Hayaniya ta tashi, Maigari ya tsawatar, ta koma gunaguni, ta bi su ta yi nisa. Aka bar duwatsu zube a ƙofar gida. Almu ya shigo tsakar gida yana ɗingishi, ya dubi matarsa. Ya ɗauki buta, ya tarar babu ruwa, ya ajiye. Sai ya nemi wata hular ya fita masallaci, shi kaɗai, ta ƙofar zaure a buɗe.

Ita ba ta da inda za ta. Ta zagaya bayan ɗaki. A gindin katanga ta tarar da tulu cike da ruwa, an zuro shi da igiya, ba ta san tun yaushe ba. Ta durƙusa ta ɗaga kwanon, ta ƙwanƙwasa da ludayi.

"Hajiya?"

Ta ji numfashin mutum, kusa ƙwarai. Ta jira. Sai ta ji an jawo wani abu mai nauyi, kamar dutsen niƙa, an ɗora a bakin bututun. Kukan agwagin ya ɗauke.