Dalma a Bangon Ɗakin Wanka

Rana ta yi ja a kan rufin gidajen maƙeran bindiga na birnin Tula, hayaƙi ya kwanta a unguwa, lokacin da Prokhor Lukich ya shigo gida fuska a murtuke. Matarsa Fekla ta ɗora miyar kabeji a tebur. Ko kallonta bai yi ba.

A cikin rigarsa akwai bindigar da ya shafe shekaru yana ƙerawa. Ƙarama ce, mai tulu mai juyawa da ramuka shida, kowane rami da albarushinsa da dalmarsa da 'yar hular tagulla a baya. Ya yi mata wani shamaki da ke hana wutar rami ɗaya tsallakawa zuwa na kusa, matsalar da ta sha cinye yatsun sojoji. Ranar nan ya kai ta gaban hafsan da ke zaɓar makamai don yaƙin kudu. Hafsan ya ɗan juya ta, ya tura masa abarsa. Ya ce soja ba ya riƙe dabarar ƙauye, a je a kwaikwayi ta Amurka, ƙusa da ƙusa.

"Ka ci abinci mana, Lukich," in ji Fekla.

"Wai dabarar ƙauye!" Ya buga tebur, ya fice bayan gida, inda tsohon ɗakin wankansu na katako, mai murhun duwatsu, yake tsaye cikin duhun almuru.

Fekla ta biyo shi da gudu. "Ka haukace ne? Wa yake taɓa ɗakin nan bayan faɗuwar rana, lokacin aljanu?"

Bai saurare ta ba. Ya saita bangon, ya yi ta jan kunama har harsashin ya ƙare. Hayaƙi ya watse. Karnukan unguwa, da suka saba haushi a kan komai, suka yi tsit. Sai aka ji wani ɗan nishi daga cikin ɗakin, siriri, kamar na tsohuwa.

Tun daga ranar, da zarar rana ta faɗi, duwatsu suke sauka a kan rufi. Duwatsun murhun wanka ne, da zafinsu, alhali ba wanda ya hura wuta. Prokhor ya zagi 'ya'yan maƙwabta, ya zagi iyayensu, ya yi gadi da sanda bai ga kowa ba. Sannan 'yarsu Ustinya, budurwa mai yawan dariya, ta shiga ɗakin ɗauko bokiti, ta fito tana jan ƙafar hagu. Ba rauni, ba kumburi. Ta daina ci. Numfashinta ya koma warin albarushi. In ubanta ya shigo, sai ta bi hannunsa na dama da ido, tana cizon haƙora.

Fekla ce ta kira Kaka Fevronya, tsohuwar da ta gaji littattafan addu'a daga mijinta, mai karatu a coci. Ta zo da yamma, ta kunna kyandir da turare, ta daɗe tana karatu a kan yarinyar. Can Ustinya ta miƙe zaune, wata murya mai kaushi ta fito daga bakinta.

"Rufe littafin nan, tsohuwa. Ba da ke nake ba."

"To da wa kake?"

"Da wancan. Tun kakansa muke zaune a bayan murhun nan. Mun taɓa ƙona musu yaro? Mun taɓa shaƙe wani da hayaƙi? An wulaƙanta shi a gari, ya rasa wanda zai huce a kansa sai matata. Ga dalmarsa can a cinyarta."

Prokhor ya zaburo. "Ɗakina ne! Kakana ya gina shi! Fita daga jikin 'yata, la'ananne!"

"Zauna, Lukich, bakinka ya isa haka," in ji Kaka Fevronya. Ta juya ga yarinyar. "Me kake so?"

"Hannun da ya yi harbin."

"Ba za ka samu ba. Da shi yake ciyar da gidan da kai ma kake jin ɗuminsa."

Muryar ta yi gurnani har kyandir ya karkata. "To a cire dalmar. Kuma abin nan mai baki shida ya mutu, ya kashe shi da kansa, kada ya sake ƙera irinsa. In ba haka ba, yarinya ta gurgunce yadda tawa ta gurgunce."

"Bindigar nan ita kaɗai ce a duniya," Prokhor ya faɗa. "Wata rana za su gane..."

"'Yarka ma ita kaɗai ce!" Fekla ta daka masa tsawa, abin da ba ta taɓa yi ba tun aurensu.

Kaka Fevronya ta je bangon da wuƙa. Biyar daga dalmomin a bushe suka fito. Ta shida ta fito a jiƙe, da ɗumi.

Prokhor ya ɗora bindigar a kan uwar maƙera. Sannan ya ɗaga guduma, ya yi ta dukanta yana zagin hafsan, yana zagin aljanin, yana zagin kansa, har tulun ya baje kamar faranti. A cikin gida Ustinya ta yi atishawa mai ƙarfi, ta ce, "Mama, yunwa nake ji."

Jifa ya tsaya. Yarinyar ta taka ƙafarta, daga baya ma ta yi rawa a bikinta. Shi kuwa Prokhor ya koma yin bindigar Amurka, marar shamakin nan, kamar sauran maƙera, kuma duk unguwar ba wanda ya kai shi iyawa. In sabon soja ya dawo daga fagen daga da hannu a naɗe, ya zo gyaran bindiga, Prokhor yakan karɓa ya gyara, amma ba ya ɗaga kai ya dubi hannun.