Sawun Goɗiya a Kan Toka

Wata huɗu bayan gobarar da ta cinye dajin bayan gari, ƙasa tana nan baƙa ƙirin, sai ɗan tsiro jefi-jefi. Ran nan da hantsi wani saurayi mai kula da dawakin haya ya fito zagaya a kan goɗiyarsa. Ya ga sanduna a jere, kowace da jan ƙyalle. A wajen mahaya haka ake nuna inda babu rami, don saiwa in ta ci wuta a ƙarƙashin ƙasa takan bar kogon da zai karya ƙafar doki. Sai ya bi layin tiryan-tiryan, har yana sa wa wanda ya kafa albarka.

"Kai Malam! Kai ne makaho ko dokin?"

Wata budurwa ce ta taso da bokiti a hannu, fuska duk toka. Ashe dashenta ya bi ta kai, kowace sanda da ɗan icce a gindinta.

Ya diro daga kan goɗiyar. "Wallahi na ɗauka hanya ce."

"Hanya? Sati uku ina jido ruwa a ka zuwa tudun nan don in yi wa dokinka titi?"

Washegari ya dawo da jarkoki biyu a bayan goɗiya. Ko kallo bai ishe ta ba. Sai a kwana na tara ta karɓi lambar wayarsa, wai don ta riƙa sanar da shi duk dashen da ya mutu.

Saƙonta na farko: "Biyu sun farfaɗo. Kada ka ɗauka na huce."

Ya amsa: "Masifaffiyata, ko ba ki huce ba gobe ina nan."

Da maganar aurensu ta kai gida, mahaifinta ya murtuke. Lambun itatuwansa ne ya ƙone, kuma ciwon ƙafa ya hana shi hawa tudun tun lokacin. Wani mai tarakta da ke sonta ya riga ya gaya masa mahaya ne suka tada wutar, har da saurayin.

"Ban da mai doki," in ji Baba. "An ce su suka kunna."

"Baba, ka yi haƙuri, amma mai faɗar yana ina ranar? Shi wannan har yau da tabon wuta a hannunsa, garin fitar da awakin mutane."

"Tashi ki ba ni wuri."

Ta shiga ɗaki tana huci, ta rubuta: "An yi maka ƙazafi, kai kuma ka yi shiru kamar an ɗinke maka baki. Har kai haushinka nake ji."

"Ban iya magana ba, sanyin idona. Ki roƙa mini Baba ya hau goɗiyata sau ɗaya kawai."

Sai da Inna ta sa baki ya yarda, yana mita. Saurayin ya riƙe linzami a ƙasa, a hankali, yana kauce wa ramuka. Budurwar na biye da su, suka wuce kututturai baƙaƙe har kan tudu. Nan dattijo ya ce a tsaya. Tsofaffin itatuwansa ne, kowane ya fitar da ɗanyen toho ta gindi.

"Mai tarakta ya ce mini sun mutu, a tumɓuke su."

"Ba su mutu ba, Baba," in ji saurayin. "Ruwa suke so."

"Wa ke kawo musu?"

Saurayin ya sunkuyar da kai. Ita ce ta nuna shi da baki.

Baba ya ƙura wa tohon ido. Can ya yi tsaki. "Wanda ya yi wa bishiya ƙarya, ai mutum ba zai tsira daga bakinsa ba. Yaro, ka turo magabatanka."

Bayan damina aka ɗaura aure. Baba ya riƙe hannayensu biyu ya ce, "Ita akwai faɗa, kai akwai haƙuri. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari."

"Amin, Baba," in ji amarya. "Amma faɗan nan da dalili nake yinsa."