Babbar Riga a Kan Ƙanƙara

A falon mahaifinta da ke unguwar Marylebone a London Luba ta fara ganin Maharazu, cikin sanyin 1976. Ta kawo shayi, ta tarar da saurayin da ya zo gaida mahaifinta ya jingine dogayen katakai biyu a bakin ƙofa. Ta ɗauka kafinta ne.

"Ɗalibi ne ni a jami'ar da ke Bloomsbury," in ji shi yana murmushi. "Waɗannan a ƙafa ake ɗaura su, a gangaro daga kan dutse bisa dusar ƙanƙara. Wanda ya riga isa ƙasa shi ya ci."

"Da gangan?" Saura kaɗan tiren ya kuɓuce mata.

Daga nan wasiƙu suka fara. Karatunta bai yi nisa ba, da yatsa take bin kowace kalma.

"Lubana, ƙanƙarar Scotland ta daskare kamar gilashi, jiya mutum uku suka karye. Ni ban faɗi ba. Ke kaɗai nake tunani."

Ta rubuta masa, "Maharazuna, don Allah ka daina. Na kasa cin abinci."

Da kawun Maharazu ya zo neman aure, mahaifinta Alhaji Mijinyawa ya ji sana'ar yaron a hutu, sai ya yi salati.

"Mai jefa kansa daga dutse? Takaba zan nema wa 'yata? Ga Dakta Abdulƙadir yana jira."

Kwana uku Luba ta kulle kanta a ɗaki. Mahaifiyarta ta ce, "Alhaji, ka je ka gani da idonka tukuna."

Suka hau jirgin ƙasa zuwa Scotland shi da Luba. An ba shi takalmin ƙanƙara, ya ce shi ba soja ba ne. Da babbar rigarsa ta shadda da takalmin fata ya hau dutsen. Ana cikin tsere ya tsallake igiyar da ta tsare 'yan kallo don ya gani da kyau. Ƙafarsa ta zame, iska ta cika rigar, ya tafi a rigingine ya nufi kwazazzabo.

Luba ta ɗora hannu a ka.

Maharazu ne a gaba a tseren. Ya hango shuɗiyar shadda, ya bar hanyar tsere, ya faɗa gaban Alhaji da dukan jikinsa. Suka tsaya taku biyar daga bakin ramin, hannun Maharazu a karye.

Alhaji ya daɗe yana haki, sannan ya dubi Maharazu.

"An ce kai za ka ci?"

"Da alama, Baba."

"Ka bar tseren?"

"Baɗi ma za a yi."

Bayan wata guda aka ɗaura aure a London, ango da hannu a ɗaure. Luba ta raɗa masa, "Har yanzu jikina rawa yake."

"Nawa ma, amma ba don dutsen ba."

Alhaji ya dafa kansu. "Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuriya ɗayyiba. Amma jikokina a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa za su yi wasa."

Ɗaki ya amsa da amin.