Muryar Da Aka Binne A Ƙarƙashin Kiɗa

Kun taka rawa da waƙoƙin ƙungiyar Walƙiya, kada ma ku musa. Ni ma na taka. Sai dai ni na san abin da ke kwance a ƙarƙashin kiɗan nan, domin shagona na gyaran lasifika bango ɗaya ne ya raba shi da situdiyonsu.

Su uku ne. Ɗan Fiyano shi ne shugaba kuma mai haɗa kiɗa, Tsuntsuwa ke rerawa, Dogo kuwa yana gaban kwamfuta yana yanka sauti yana jerawa. Sun yi shekara da shekaru suna fitar da waƙa, gidajen rawa na sauya ta tun ba a kai amshi ba. Shi kuma Ɗan Fiyano mutum ne mai dogon buri da gajeren haƙuri. In ya ji waƙar wani na tashi a mota, ranar ko abinci ba ya iya ci.

Da rana tsaka ya je wurin wani boka, a bayan wata masana'anta da ta daɗe da mutuwa. Ɗakin ba taga. An jera kwalabe a jikin bango, kowace an toshe bakinta da kakin zuma an naɗe da gashin mutum, in ka kasa kunne sai ka ji suna gunaguni ƙasa-ƙasa. A tsakiya akwai wata tsohuwar ganga da fatarta ta yi baƙi ƙirin da busasshen jini. Bokan ya yanka zakara a kanta. Zakaran ya wangale baki yana shure-shure, amma ko ƙyas ba a ji ba.

"Me ke tafe da kai?" in ji bokan.

"So nake duniya ta yi rawa da kiɗana, ranka ya daɗe. Ko me za ka ce zan biya."

"Riƙe abinka. Murya muke so. Duk waƙar da za ka fitar, ka binne muryar wani a ƙarƙashin kiɗan. Dariya ce, tari ne, ko kalma ɗaya."

Ɗan Fiyano ya saki ajiyar zuciya. "Shi ke nan? Ai wannan aikinmu ne na kullum. Sai in ɗauko ta mutanen titi."

"Ba ta titi ba. Ta wanda kuke kwana ƙarƙashin rufi ɗaya."

"To me zai samu mai muryar?"

"Rawa ka zo nema ko tambaya? Lashi fatar gangar nan ka tashi ka ba ni wuri."

Ya durƙusa ya lasa.

Da ƙanwarsa ya fara, yarinya mai dariya kamar ba ta san damuwa ba. Ya tsokane ta a kicin, ya naɗi dariyar a waya, ya miƙa wa Dogo ya ce a cusa ta bayan ganguna. Waƙar ta fita ta kama gari kamar gobara. Tasi, shagon aski, wurin motsa jiki, ko'ina ita ce. Ƙungiyar ta koma sabon situdiyo mai sanyi, Ɗan Fiyano ya sayi gida mai bene. Ita kuwa ƙanwar, duk sanda aka kunna waƙar a wani wuri sai numfashinta ya ragu. Likitoci suka yi ta gwaji ba su ga komai ba. A makon da waƙar ta zama ta ɗaya a rediyo ta cika, baki buɗe.

Na je gaisuwa. Muna zaune wata mota ta wuce da waƙar, dariyar marigayiya na fita tar. Na dubi Ɗan Fiyano. Idonsa jajir, amma wallahi ƙafarsa tana bin kiɗan. Tun ranar na tsane shi.

Ya gane farashin sarai, bai kuma fasa ba. Faifai na biyu ya ci mahaifiyarsa, da 'yan waƙe-waƙen da take yi in tana guga. Na uku ya ɗauki muryar matarsa tana kiran sa cin abinci. Ita ba ta mutu ba, da ma ta mutu ta huta. Ta koma jin kanta tana kira daga kowace lasifika, tana amsawa, tana yagar fuskarta da farce, har aka ɗaure ta aka kai asibitin masu taɓin hankali.

Mutum ɗaya ta rage masa, 'yarsa ƙarama da yake kira Ƙwalli. Ita kam yana son ta, wannan ba zan yi masa ƙarya ba. Ya rantse muryarta ba za ta taɓa kusantar makirfo ba, ya hana a kawo ta situdiyo ko da wasa.

To, masu kiɗa suna da ɗabi'a guda. In sabon salo ya faɗo musu, nan take suke rera shi a waya su tura wa mai haɗa sauti kafin ya gudu. Wata safiya salo ya faɗo wa Ɗan Fiyano yana ɗaura wa Ƙwalli takalmin makaranta. Ya rera, ya tura wa Dogo. Bai lura ba cewa yarinyar ta ce, "Baba, ƙara!" tana ƙyalƙyala dariya.

Dogo bai san komai game da boka ba. Abin da ya sani, maigida na son muryar 'yan gida a waƙa. Ya yanko kalmar, ya maimaita ta a amshi, ya saki ɗanɗanon waƙar a intanet don ya burge.

Kafin azahar aka kira daga makaranta, Ƙwalli ta faɗi. Ɗan Fiyano ya shaƙe wuyan Dogo yana ihu, "Goge ta! Goge ta, don Allah!"

"Maigida, na goge tawa," in ji Dogo yana kakari. "Ta wayoyin mutane fa?"

Ya ruga wurin boka ya zube. "Ɗauki tawa muryar, ranka ya daɗe, ka bar mini ita!"

Bokan yana murza kaki a bakin wata sabuwar kwalba, ko ɗagowa bai yi ba. "Je ka roƙi masu rawa su daina."

Ya kuwa je. Ya bi titi ba takalmi yana fizge wayoyi, yana farfasa lasifika, yana durƙusa wa yara yana kuka su kashe. Mutane suka ɗauke shi bidiyo, suka ɗora masa waƙar a kai don ta fi ban dariya, suka yaɗa. Bidiyon ya fi waƙar tafiya. Ƙwalli ba ta kai la'asar ba.

Ƙungiya ta watse, gida ya tafi. Yanzu yana zaune a bakin kwata, kunnuwansa cushe da tsumma, ba ya magana da kowa.

Kai mai gaggawar suna, ka ji da kyau. Wanda ya ce zai ba ka duniya a yini ɗaya ba kuɗinka yake so ba, kuma ba kai za ka zaɓi wanda zai biya ba. Waƙar nan har yau ana kunna ta. In amshi ya zo, dubban mutane ne ke ɗaga hannu sama suna amsa wa yarinyar, "Ƙara!"