Sabulu a Kan Faranti

Linzamin kwamfutar ya kai bakin tebur, kibiyar da ke kan allo ba ta kai inda Tani ke so ba. Sai kawai ta ci gaba da jansa a kan cinyarta.

Najla ta tuntsire da dariya, wayarta na ɗaukar bidiyo.

"Yaya Maharazu, wannan ce za ta yi jarrabawar shiga jami'a da kwamfuta? Bari Hajiya ta ga surukarta!"

Najla 'yar ƙanwar Hajiya ce, ta daɗe da ƙyalla ido a kan Maharazu, ɗan Hajiyar. Tani kuwa 'yar mai girkin gidan ce, daga Ringim. Kanta na ja, amma hannunta bai taɓa hawa kan linzamin kwamfuta ba sai ranar.

Kafin la'asar bidiyon ya zaga dangi. Hajiya, tsohuwar shugabar makaranta da ba ta magana biyu, ta ce wa ɗanta ba za ta haɗa zuri'a da abin dariya ba, kuma kada yarinyar ta sake taka ɗakin karatu.

Maharazu ya tare Tani a ƙofar kicin.

"Zan kawo miki kwamfutata a ɓoye, masoyiyata..."

"A'a." Idonta ya kaɗa, amma ba ta sunkuyar da kai ba. "Ba zan yi a bayan idon Hajiya ba. Faɗa min dai inda na yi kure."

"In tebur ya ƙare, ɗaga shi ake yi a dawo da shi tsakiya. Danna sau ɗaya ki zaɓa, sau biyu a jere ki buɗe. Kuma a hankali, ba dutsen niƙa ba ne."

Ta harare shi, murmushi na neman tona mata asiri.

Ranar ta fere sabulun wanki daidai tafin hannunta, ta ja layi a tsakiya, dama da hagu. Faranti ya zama teburinta. Miya na tafasa tana ja, tana ɗagawa, tana dannawa, har sati uku.

A haka Hajiya ta riske ta wata Juma'a.

"Ke, me kike yi?"

Tani ta durƙusa. "Koyo nake, Hajiya."

"Da sabulu?"

"Ɗakin kika hana ni, Hajiya. Ba ki hana ni koyo ba."

"Maharazu bai ba ki tasa ba?"

"Ya ce zai ba ni. Ni na ƙi."

Hajiya ta karɓi sabulun tana jujjuyawa. Yatsun Tani sun yi masa rami biyu. Shekara talatin tana koyarwa, irin ɗalibar da take roƙon Allah ya kawo mata ke nan, ashe tana cikin kicin ɗinta. Kunya ta kama ta.

Ta ɗaga murya. "Maharazu!"

Ya shigo.

"Buɗe mata ɗakin karatu. Sannan ka kira min baffanka, su shirya zuwa Ringim da goro."